Man Ƙaiƙayin Da Ya Ci Hannun Isyaku

Akwai wani manomi a wani ƙauye bayan Gezawa, sunansa Nababa. Zuciyarsa a kusa take, kafin ka rufe baki ya naɗe hannun riga.

A shekarun nan da hatsi ya yi tsada, ɓarayi sun addabi gonaki. Maƙwabcinsa Isyaku ya faɗa a bainar jama'a cewa zai barbaɗa karara, garin tsiron nan mai sa ƙaiƙayi, a dammunan geronsa, duk wanda ya taɓa ya sha susa.

Ana haka sai 'yar Nababa, Sakinatu, ta dawo daga sussuka wuyanta yana mata ƙaiƙayi. Uban ya sayo man shafawa na ƙaiƙayi wurin mai tallar magani. Ta shafa, wurin ya yi jawur. Ya ce a ƙara laftawa. Kan ka ce me, wuya da hannuwa sun kumbura, ƙuraje na tsiyayar ruwa, yarinya sai kuka.

Nababa ya ce, "Wallahi karara ce! Isyaku ya mai da 'yata ɓarauniya!"

Matarsa Hure ta ce, "Malam, ko hanyar gonarsa ba ta bi ba."

Ina! Ya hankaɗe ta, ya suri ƙotar gatari. A gona ya iske Isyaku yana ɗaurin gero. Ko sallama babu ya kai masa duka a ka. Isyaku ya kare da hannu, ƙashi ya ce ƙas! Nababa bai bar shi ba, ya ci gaba da jibga har jini ya rufe masa fuska, da ƙyar mutane suka ɓamɓare shi.

Washegari aka kai Sakinatu asibiti. Likita ya karɓi man ya duba, ya ce, "Wannan ne jikinta ya ƙi. Wasu in suka shafa, maimakon ƙaiƙayin ya lafa sai fata ta ɗuri ruwa. Ku daina."

Aka daina, yarinya ta warke sumul.

Kunya ta kama Nababa, ya je ya durƙusa gaban Isyaku.

Isyaku ya ce, "Ni ko kararar ban taɓa barbaɗawa ba, barazana ce kawai. Na yafe maka. Amma mai ɗori ya ce hannun nan ya gama riƙe fartanya. Gaya min, in damina ta faɗi, me zan ce wa 'ya'yana?"

Darasi: Ka bincika kafin ka ɗaga hannu, neman gafara ba ya mayar da abin da fushi ya karya. Kuma in magani ya ƙara ciwo, a daina, a ga likita. Ku tura wa masu saurin hannu su karanta.