Motar da ta ƙi tashi a ƙofar Malam

Malaminmu na unguwar Bobiel, Allah Ya ƙara masa daraja, masani ne mai taƙawa da zuhudu, waliyyin Allah da ba ya son a ambaci sunansa, kuma abin da ya faru da Hajjo mai abinci yana cikin karamominsa.

Ɗanta Issoufou yana tuƙa taksin wani attajiri na unguwar Wadata. Ba shi da Juma'a, ba shi da Lahadi. In barci ya zo sai ya kore shi da shan kafe da ƙwaya, har idanunsa suka yi jajur. Hajjo kuwa kullum gabanta faɗuwa yake. Da dabara ta sa ya kai ta gaida Malam.

Malam ya dubi yaron, ya dafa motar, ya ce, "Ita ma ta gaji. Jikinka amana ne, ɗana."

Da za su tafi Issoufou ya murza makulli, shiru. Aka tura, aka kira makaniki, ya ce lafiyarta lau. Yaron ya zauna a tabarmar zaure yana huci, nan barci ya kwashe shi, bai farka ba sai washegari da hantsi.

Mai mota ya iso da wani yaro, Abdulaye, ya ce ba ya riƙon malalaci. Abdulaye na murzawa ta tashi.

"Kin ji daɗi, Inna," in ji Issoufou. "Sai ki dafa mini albarkar mu ci."

Hajjo ta koma wurin Malam, Allah Ya yafe mata, ta ce, "Allah gafarta Malam, addu'a na nema, ba raba ɗana da abincinsa ba."

"Ki bar shi ya huta," in ji Malam.

Ba a daɗe ba barci ya sace Abdulaye da tsakar rana a hanyar Tillaberi, motar ta shige ƙarƙashin kamiyo, babbar motar kaya. Hajjo ta je gaisuwar rasuwarsa. Uwar yaron ta riƙe hannunta tana cewa, "Rabon da in ga ya kwanta har na manta." Hajjo ta kasa ɗaga ido.

Ta tambayi Malam don me motar ba ta ƙi wancan yaron ba. Hawaye suka gangaro masa a gemu. "Ba ni na tsayar da ita ba, Hajjo. Roƙo na yi wa wanda aka kawo mini."

Mai mota ya sayo wata, samari masu neman tuƙi na layi a ƙofarsa, kuma Hajjo ta ji an ga Issoufou cikinsu.

Allah Ya ja kwanan Malam, Ya jiƙan Abdulaye. Ya Rabbi, don albarkar bayinKa salihai, Ka sa wannan ma ta ƙi tashi a hannun ɗan Hajjo. Amin.