Yajin Gulbin Maikalgo

A zamanin da ruwa ke jin magana, an yi wani saurayi ƙosasshe, kyakkyawa, mayen son yabo, wai shi Barmo ɗan Sarkin Ruwa Jatau, jikan masuntan da suka fara kafa bukka a bakin Maikalgo, gulbin nan mai dorina da kada da giwan ruwa, wanda ke ɓullowa daga duwatsu ya ratsa fadamu ya shayar da garuruwa. Don a ce ya fi kowa kamu, gogan naka ya saci jiki ya zuba magimfa, dafin kifi, a gurbin da aka hana kamun kifi, daidai lokacin da kifaye ke ɗauke da ƙwai. Kifi ya mutu birjik, gulbi ya yi yaji ya bar rairayi. Da tsegumi ya yi yawa, tsoho Jatau ya miƙe a bainar jama'a ya rantse ɗansa ba zai aikata haka ba. Barmo na nan tsaye yana ji.

Kunya ce ta kore shi daga gari. Ya bi busasshen gulbin har gindin duwatsu, ya kutsa kogo, sai ga shi a fadar Kandamu, sarkin aljanun ruwa, fada mai sanyi da sheƙi, kadoji ne dogarawanta. Ya faɗi ƙasa ya roƙi a kashe shi a saki ruwa.

Kandamu ya ce, "Mutuwa ai arha ce, ɗan Jatau. Juya, gulbi zai biyo ka. Amma duk garin da ka isa, ba zai wuce ba sai ka faɗi abin da ka yi."

Haka kuwa aka yi. A wani ƙauye ya ɗan rage zancen, ruwa ya tsaya cik, mata suka yi ta dariya har sai da ya faɗi duka. Gari bayan gari yana faɗi, ana tofar da yawu, ana cika tuluna.

A mashigin garinsu ya iske uban a gaba, jama'a a bayansa, gonaki sun ƙone. Ruwa ya ja ya tsaya. Barmo ya durƙusa.

"Baba, rantsuwarka a kan ƙarya ka yi ta. Ni ne."

Gulbi ya kwararo ta tsakaninsu. Jatau ya kwance rawanin sarautar ya miƙa masa, ya ce shi bakinsa ya gama shaida a garin nan, gara wanda ruwa ya yarda da maganarsa. Barmo ya karɓa yana kuka. Allah Ya rufa mana asiri.