Sheƙar Tattabara a Bututun Hudaifa

Hudaifa yana da ɗan shagon wanki da guga a unguwar Ka'akiyya da ke ƙasa mai tsarki. Mutumin kirki ne, sai dai kasala ta yi masa katutu, kuma ya iya yi mata rigar addini. Matarsa Na'ima ce ke guga a ɗakin baya, kusa da tukunyar dumama ruwa mai aiki da dizal, wadda bututun hayaƙinta ya fita ta saman rufi.

Wata rana tattabara ta yi sheƙa a bakin bututun. Wutar tukunyar ta koma ja, bango ya fara baƙi.

"Abu Rim, kullum da ciwon kai nake tashi daga aiki," in ji Na'ima, wadda ke kiransa da sunan 'yarsu Rim. "Don Allah ka hau ka duba."

"Haba Ummu Rim! Tattabarar Harami ce fa. So kike in ɗauki zunubi?"

Maƙwabcinsu Sufyan mai walda ya ji maganar, ya ce, "Ba sai ka taɓa ta ba, ya sheikh. Kashe tukunyar yau, in fitar maka da wani bututu ta gefe. Aikin awa biyu ne."

"Bukura in sha Allahu," in ji Hudaifa. Wallahi wannan bukura tasa, wato gobe, sai da ta ci wata biyu.

Ran wata Talata rana ta ƙwalle. Bayan azahar Na'ima ta rufe ƙofa da taga don sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya zauna, tukunya kuwa tana ci. Hudaifa ya tafi kai kayan mutane unguwar Rusaifa. Da ya dawo la'asar sai ya tarar da ita a kwance gefen tebur, riga ɗaya rabi a goge. Ya kira, ya girgiza, shiru. Likita ya ce rai ya yi halinsa, iskar guba ce marar wari, wadda ta rasa hanyar fita ta dawo ɗaki.

Bayan kwana uku Hudaifa ya hau rufin da ya ƙi hawa. Ya leƙa bututun. Busasshiyar ciyawa ce kawai ta toshe shi. 'Ya'yan tattabarar sun daɗe da tashi. Nan ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro, 'yarsa Rim tana ƙasa tana tambayarsa me ya gani.

Jama'a, duk abin da ke ƙona dizal ko kananzir a cikin ɗaki, a tabbatar hayaƙinsa na fita waje, a riƙa duba bututu. Ciwon kai kusa da wuta gargaɗi ne. Kuma kada mu fake da tsoron Allah don guje wa aikin awa biyu, domin ran da ke gidanka ma amana ce.