Asibitin da Dogo Kafinta Ya Zaɓa

Akwai wani kafinta da ake kira Dogo. Mutum ne mai hannu, in ya haɗa maka kujera sai ka gaji da ita ba ta karye ba. Yana da mata da yara ƙanana biyu.

Bayan rasuwar wani amininsa da suka tashi tare, Dogo ya fara canzawa. Ya rage hira, ya rage cin abinci, daga baya ya daina buɗe shago. Katako ya yi ƙura, zarto ya fara tsatsa. Yini guda zai kwanta yana kallon bango, ko yaransa sun hau jikinsa ba ya ɗago kai.

Wata safiya ya ce wa matarsa, "Da babu ni, da kun fi hutawa."

Ba ta tsaya jiran kowa ba, ta lallaɓa shi suka je wurin likita.

Likita ya daɗe yana yi masa tambayoyi, sannan ya ce mata, "Ciwon damuwa ne, kuma ya yi tsanani. Yana da magani. Amma yadda ya daina cin abinci, ga kuma irin maganganun da yake yi, gara a kwantar da shi a asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa, inda za a sa masa ido."

Da labari ya kai kunnen yayan Dogo, wani babban ɗan kasuwa mai ji da kansa, sai ya zo gidan a fusace.

Ya ce, "Na riga na samo wuri. Can nesa yake, katangarsa doguwa, babu wanda zai san yana ciki. Ba za a nuna ni a kasuwa a ce ga yayan mahaukaci ba."

Matar ta ce, "Yaya, ba hauka ba ne. Ka yi haƙuri in je in ga wurin da idona tukuna."

Ta je. Gini ne mai kyau, ƙasa na sheƙi, ga sanyi ko'ina. Amma da ta nemi ganin ɗakin kwanan marasa lafiya, aka ce ba a shiga. Ta tambaya yaushe likita ke zuwa, aka ce in an kira shi. Ta tambayi ziyara, aka ce sai ƙarshen wata.

Washegari ta je wani asibitin da ke kusa da unguwarsu. Fentinsa ya koɗe, bencin jira ma ƙafarsa ɗaya na rawa. Wata nas ta zagaya da ita. Ta nuna mata gadaje, da banɗaki, da tsakar gida inda marasa lafiya ke shan iska.

Matar ta rage murya ta ce, "Ana ɗaure mutane a nan?"

Nas ta ce, "Ba ma ɗaure kowa da igiya, 'yar'uwa. Wanda muke jin tsoron zai cutar da kansa, mutum muke ajiyewa kusa da shi. Likita na zagayawa kowace safiya, akwai kuma mai zama da su a yi magana. Ke ma za ki iya zuwa kullum da yamma. In an sallame shi, zai riƙa dawowa muna duba shi."

Da ta koma gida, ta yi abin da babu wanda ya tuna ya yi. Ta zauna a bakin katifa ta bayyana wa Dogo wuraren biyu, ta ce, "Baban yara, kai za ka kwanta. Wanne kake so?"

Can ya ce, "Kada ku kai ni inda ba zan riƙa ganinku ba."

Yaya ya ce tunda an raina shawararsa, babu hannunsa. A motar haya ta kai mijinta asibitin da ke kusa da unguwarsu.

Makon farko babu wani canji. Na biyu ma haka. Za ta zo ta zauna tana ba shi labarin yara, shi kuwa ko uffan. Yaya ya aiko mata da saƙo, "Ban faɗa miki ba?"

Ranar ta yi kuka a ofishin likita. Ya ce mata, "Maganin nan yana ɗaukar makonni kafin ya kama jiki. Kada ki daina zuwa. Ko bai amsa ba, yana jin ki."

Ba ta daina ba. A hankali Dogo ya fara cinye abincinsa. Ya fara wanka ba sai an roƙe shi ba. Wata yamma ya tambaye ta ko tarin ƙaramar 'yarsu ya tafi. Ta juya fuska don kada ya ga hawayenta.

Ana nan sai mahaifiyar su Dogo, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta ce lallai sai ta ga ɗanta. Dole Yaya ya ɗauko ta. Ya tsayar da mota can nesa da ƙofar asibitin, ya ce zai jira a mota.

Tsohuwa ta ce, "Kashe motar nan ka riƙe ni. Ko so kake in yi rarrafe?"

Haka ya shiga, kansa a sunkuye. A tsakar gida suka tarar da Dogo zaune a inuwa, ya yi aski, fuskarsa ta fara cikowa. Ya durƙusa ya gaida mahaifiyarsa, sannan ya dubi yayansa sama da ƙasa.

Ya ce, "Yaya, ka rame fa. Ko in sa a nema maka gado kusa da nawa?"

Yaya ya buɗe baki zai yi dariya, sai hawaye suka riga ta fitowa. Ya rungume ƙaninsa.

Ranar sallama Yaya ne ya zo ɗaukarsu, ya ajiye motar daidai bakin ƙofa. Wani abokin kasuwancinsa da ke wucewa ya hango shi ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, lafiya na gan ka a nan?"

Yaya ya ce, "Ƙanina na zo ɗauka. Ciwon damuwa ya yi, an yi masa jinya, ya samu sauƙi."

Dogo na shan maganinsa har yanzu, yana komawa ganin likita. Shagonsa kuma a buɗe yake.

Darasi: Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane ciwo, ba abin kunya ba ne. In za ku zaɓa wa naku asibiti, ku je ku gani da idonku, ku yi tambaya, ku ji ta bakin mara lafiyan, sannan ku yi haƙuri da jinya. Ku tura wannan labari gaba, wataƙila akwai gidan da ke ɓoye nasu mara lafiyan a yau.