Akwatin Da Sadisu Ya Buɗe A Hanyar Lyon

Akwai wani direba mai suna Sadisu, mutumin Tasawa ta ƙasar Nijar, da yake zaune a Montreuil, gefen birnin Paris. Sana'arsa jigilar kaya ce a wata farar mota mai rufaffen baya. Duk mako yana kwasar kayan 'yan kasuwa zuwa Lyon, musamman na Hajiya Husainatu, wata dattijuwa mai shagon turaren wuta da humra da man kaɗanya a unguwar La Guillotière.

Kun dai san halinmu da saƙo. Da an ji mota za ta tashi, wannan ya kawo ƙullin kilishi, wancan atamfa, wata ta ce a kai wa ƙanwarta yaji. Sadisu ba ya cewa a'a, kuma ba ya tambaya. Har alfahari yake yi a masaukinsu yana cewa, "Ni tun da nike, ban taɓa buɗe saƙon mutum ba. Wannan aikin marar tarbiyya ne."

A shekarar da abin ya faru, katin zamansa ya kusa ƙarewa. Ya kai takardun sabuntawa, ya kuma nemi izinin ɗauko matarsa Hafsah daga gida, bayan shekarun da suka yi sai dai waya. An gaya masa ƙarara cewa ko ƙaramar shari'a ta taɓa sunansa, zance ya lalace. Shi ya sa yake lallaɓa rayuwarsa kamar mai ɗauke da ƙwai.

Wata safiya a watan Agusta, ana tsananin zafi, wani mutum mai suna Jacques, wanda ya taɓa ba shi kaya sau biyu, ya kawo wani akwatin katako lulluɓe da bargo. Ya ce kayan ado ne masu fashewa, kada a buɗe, wani zai karɓa a bakin gari kafin a shiga Lyon. Sadisu ya tura akwatin can ƙurya tsakanin buhuna, ya ja ƙofa, ya kama hanya.

Bayan ya wuce Mâcon sai ya tsaya a wurin hutawar matafiya don ya yi azahar. Ya buɗe baya zai ɗauko buta, zafi ya buso masa kamar bakin tanda. A nan ya ji wani ɗan siririn kuka, kamar na tsuntsu, yana fitowa daga ƙarƙashin bargo. Ya kasa kunne. Sai kuma ya ji ana karce katako a hankali.

Ya daɗe a tsaye. Kayan ado dai ba sa kuka. Daga ƙarshe ya ce bisimilla, ya sa ƙarfen taya ya ɓalle murfin.

Wata dabba ce a kwance, girmanta ya ɗan fi na kyanwa. Gashinta ja kamar an yi mata lalle, fuskarta da fari-fari, ƙafafunta baƙaƙe, ga doguwar jela mai zobba. Harshenta a waje, tana haki da kyar.

Nan da nan ya ciro wayarsa. Ya kira Hajiya Husainatu ta bidiyo.

"Hajiya, ina wuni. Don Allah dubi wannan, mi ne ne?"

Hajiya ta gyara tabarau, ta matso da fuska. "Kai! Jibda ce, Sadisu! Ina ka same ta? Ka san ko tsadar turarenta?"

"Hajiya, mutuwa take shirin yi."

Nan take raha ta bar fuskarta. Ta sake dubawa ta ce, "A'a, jibda ba ja ce ba. Dakata, Madam Clarisse tana nan shago, ta zo sayen man kaɗanya. Likitar dabbobi ce."

Clarisse na ganin hoton ta dafe kai. Ta ce wannan jan panda ce, dabbar duwatsu masu sanyi ta can nahiyar Asiya, kuma zafi kashe ta yake yi. Ta ce sato ta aka yi, domin ba a sayar da irinta ta hanyar halal. Ta ce ya jiƙa zane da ruwa ya shimfiɗa mata, ya sa ta gaban mota, ya ƙure sanyi, ya taho asibitinsu kai tsaye.

"Amma zan faɗa maka gaskiya," in ji ta. "Dole na sanar da jandarma. Doka ce."

Jandarma! Kalmar da Sadisu ya fi tsoro a duniya ke nan a wannan shekarar.

Bai gama jiƙa zanen ba sai ga kiran Jacques, yana tambayar inda ya tsaya. Sadisu, da yake bai iya ƙarya ba, ya ce ya buɗe akwatin. Jacques ya yi wata 'yar dariya.

"Saurara, abokina. Motar wa ce? Taka. Sunan wa ke kan takardun kaya? Naka. Ni ba ka da ko adireshina. Ka kai saƙo inda aka ce, ko kuwa ka manta da Faransa."

Jacques ya kashe waya.

Gaba kura, baya sayaki. In ya kai wa mai karɓa, ya zama abokin ɓarayi, kuma dabbar ba lallai ta kai da rai ba. In ya kai asibiti, ya miƙa kansa. Sai zuciya ta kawo masa shawara ta uku, irin wadda ke zuwa wa kowa idan ido ya raina fata: ya ajiye akwatin a gindin bishiya, ya yi tafiyarsa. Wa ya gani?

Kuma wallahi ya yi. Ya ɗauki akwatin ya kai inuwa, ya zuba ruwa a murfin roba ya ajiye mata, ya shiga mota ya tayar. Har ya kai bakin fita zuwa babbar hanya.

A nan ƙafarsa ta ƙi taka mai. Ya tuna ita ma, kamar shi, daga nesa ta zo, amma shi da ƙafarsa ya taho, ita kuwa ba wanda ya nemi shawararta. Ya tuna yanzu zai tsaya gaban Allah ya yi azahar, alhali ya bar rai yana fita a bayansa. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta buƙatar shaida.

Ya juya, ya ɗauko ta, ya kwantar da ita a kujerar gefensa. Ya sake kiran Hajiya.

"Hajiya, zan taho asibitin. In abin ya ɓaci, ke za ki yi wa Hafsah bayani. Ni ba ni iyawa."

"Taho, ƙanena," in ji ta. "Yanzu nike rufe shago. Ba ka shiga wurin nan kai kaɗai."

Da ya isa, Clarisse da abokan aikinta suka karɓi dabbar da gudu. Jandarma kuma suka karɓe shi. Hajiya Husainatu ta zauna a benci da carbinta, ta ce ba inda za ta sai ta ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Duk jami'in da ya gifta sai ta tare shi: "Monsieur, yaron nan da kansa ya kawo ta. Ɓarawo yana kai kansa?"

An yi masa tambayoyi har ya gaji. Babban jami'in ya kasa gane abu ɗaya: ta yaya mutum zai ɗauki akwati bai san abin da ke ciki ba? Sadisu ya ce, "Haka muke yi a wurinmu." Yana faɗa, shi da kansa ya ji maganar ba ta da ƙafa.

Washegari aka sake shi, amma aka riƙe motar da wayarsa, aka ce bincike bai ƙare ba. Dole ya koma amfani da wayar aro. Makonni suka shuɗe ba aiki. A masauki wasu suka sa shi gaba da tsiya: "Ga mai ceton kyanwar daji! Ka sayar da zuwan matarka saboda jela." Hafsah kuwa da ta ji, kuka ta yi, ta kwana biyu ba ta ɗaga kiransa. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

A cikin zaman jiran ne Clarisse ta kira ta ce dabbar ta tashi, har ta fara cin ganyen gora, abincinsu na asali. Ta yi masa bayanin cewa irinsu sun yi ƙaranci ƙwarai a duniya. Uwar tana haihuwa ne a kogon tsohuwar bishiya, to ana ta sare bishiyoyin, ana cinye gorar da kiwo, ga masu ɗana tarko don sayar wa masu son ado da dabba a falo. Ta ce akwai mutanen ƙauyukan can da suka tashi tsaye suna gadin dajin, suna dasa sabbin itatuwa.

Sadisu ya ce, "Kakana yakan ce a dajinmu har barewa da jimina ya gani. Ni ko sawunsu ban tarar ba. Ashe haka ake yi su ƙare."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kiran barazanar da Jacques ya yi shi ya nuna wa jandarma hanya. Suka bi lambar har wani rumbu a wajen Paris, suka tarar da wasu dabbobin a keji, aka ceto su da rai. Aka wanke Sadisu tas, daga wanda ake zargi ya koma shaida. Aka mayar masa da motarsa, katinsa ya fito, kuma kafin sanyi ya zagayo karo na biyu Hafsah ta sauka a Paris.

Tun daga lokacin, duk mai kawo saƙo sai ya kwance shi a gaban Sadisu. In mutum ya ɓata rai, sai Sadisu ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, ba zarginka nike ba. Har na Hajiya sai na gani." Direbobi da dama a masaukin sun ɗauki wannan tsari, har da masu yi masa tsiya.

Wata Lahadi ya ɗauki Hafsah da Hajiya zuwa gandun da aka mayar da dabbar, wuri mai sanyi da dogayen itatuwa. Suka yi ta ɗaga kai. Can sai Clarisse, wadda ta raka su, ta nuna musu ita a saman reshe, ta yi ƙiba, ta naɗe fuska da jelarta tana barci. Kusa da ita ga wasu ƙanana guda biyu.

Hafsah ta riƙe haɓa. "Yanzu Malam, wannan ce ta kusa raba mu? Ga shi ko kallonka ba ta yi ba."

Sadisu ya yi dariya, amma idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce, "Bar ta ta yi barcinta, Hafsah. Ta samu nata iyali, ni ma ga nawa a gefena."

Darasi: Amana ba ta tsaya ga kai saƙo ido rufe ba, duk rai da Allah ya sa a hannunka amana ne, ko da ba ya iya gode maka. Ka tambayi abin da aka ba ka ka ɗauka, domin matambayi ba ya ɓata. Kada ka sayi dabbar daji don ado, kada ka sare bishiya ba tare da ka dasa wata ba, domin gidan wani ne. Gaskiya takan yi ɗaci da farko, amma ba ta kunyata mai ita. Ku tura wa direbobi da matafiya da duk wanda ya saba karɓar saƙo, wataƙila ta dalilinku wani rai zai tsira.