Fis ɗin da Tamu ya ɗaure da waya

Akwai wani direba a Aliero mai suna Tamu, yana jigilar albasa da a-kori-kura zuwa Jega da Maiyama. Mutum ne mai iya tuƙi, amma ba a gaya masa ya ji.

Da zafi ya tsananta, sai ya sayi inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida. Lawali mai wayarin mota ya haɗa masa ita da waya mai kauri, ya sa fis mai yanke wuta in ta yi yawa dab da batir. Ya gargaɗe shi cewa fanka da cajin waya kawai za ta ɗauka.

Tamu kuwa mayen shayi ne, sai ya jona butar lantarki. Fis ya ƙone. Ya canza, ya sake ƙonewa. Haushi ya kama shi, ya samo jar waya ya naɗe gurbin fis ɗin. Daga ranar komai ya jona sai ya kama, har yana yi wa Lawali dariya a tasha.

Lawali bai yi dariya ba. Ya ce, "Tamu, wanga fis shi ka mutuwa don kai ka rayu. Ka hana shi mutuwa, to wa za ya mutu?"

Tamu ya ce tsoro ne irin na masu gyara.

Motar ta fara gaya masa gaskiya. Wayar da ta bi ƙarƙashin kujera ta riƙa ɗumi. Wani ƙauri kamar na roba ya zauna a gaban motar. Ya ce ai warin taya ne. Ni abin da ke ba ni tsoro ke nan, yadda hanci ke sabawa da abin da zai halaka mai shi.

Wata Juma'a ya ɗauko 'yarsa Hidaya zai kai ta wurin kakarta a Giwa Tazo. A Jega barci ya kwashe ta a kujerar gaba. Ya kunna mata fanka, ya jona butarsa, ya tura ƙofa, ya tsallaka titi gaida wani dillali.

Suna cikin gaisuwa dillalin ya daina amsawa, ya zuba wa bayan Tamu ido. Baƙin hayaƙi ne ya cika gilashin motar, ba a ko hango yarinyar.

Tamu ya fizgi ƙofa, ya tura hannuwansa cikin wutar da ta taso daga ƙarƙashin kujera, ya jawo ta. Hidaya ta rayu, da tabo a ƙafa. Mota ta ƙone ƙurmus.

Har yau yatsun Tamu ba sa iya riƙe sitiyari. In Hidaya ta tambaye shi wa ya ƙona mata ƙafa, sai ya sunkuyar da kai.

Darasi: Fis in ya ƙone, gargaɗi ne, a rage kayan da aka jona a nemi mai gyara, kada a ɗaure shi da waya. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Ku tura wa direbobin da kuka sani, wataƙila ku ceci 'yar wani.