Ranar Ruwan da Malam Ya Bar wa Kefas

Shehinmu, masanin Allah, ma'abocin tsantseni da zuhudu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya haddace Alƙur'ani ya ƙoshi da fiƙihu tun yana matashi, amma duk da wannan daraja bai yarda ya ci abin da hannunsa bai noma ba. Yana da 'yar gonar albasa a bakin kanal ɗin ban ruwa a Kura, yana jiran ranar da za a sakar masa ruwa kamar kowa.

Abin da zan faɗa a kan 'yata Surayya ya faru. Tana karatun ilimin taurari a ƙasar waje, karatun da ni dai na ɗauka wahalar banza ce. Da ta zo hutu da rani duk ta rame, na kai ta gaida Malam a gona, ya tambaye ta abin da take nema a sama. Ta durƙusa ta ce: "Allah gafarta Malam, akwai gungun taurari masu nisa, a tsakiyar kowanne da wani baƙin rami mai haɗiye abin da ya matso shi. In yana ci, zafinsa kan tunkuɗa iskar gas waje, alhali daga gas ɗin Allah ke halittar sababbin taurari. In ya kore shi duka, haihuwar taurari ta tsaya. Wannan korar nake son gani."

Sai ta fashe da kuka. Ashe na'urar hangen nesan da take buƙata layi ake bi, kamar ruwanmu. Dare guda aka ba ta, in gajimare ya rufe sai baɗi, tallafin karatunta kuwa bana zai ƙare.

Ni da azarɓaɓina na ce Malam ya roƙa a kore hadari. Ya yi murmushi ya ce: "Mu da kullum muke roƙon a kawo shi, Ɗanbaba?" Ran nan ranar ruwansa ce, har ruwan ya fara shiga gona, amma sai ya ɗauki fartanya ya toshe magudanarsa da laka, ya juya ruwan zuwa gonar maƙwabcinsa Kefas, Kirista ɗan Filato, wanda tumatirinsa ke yaushi don ranarsa ta wuce yana jinyar matarsa. Na ce: "Malam, albasarka fa!" Bai kula ni ba, ya dubi Surayya ya ce: "Koma makaranta, 'yata. Rabonki ba ya hannun gajimare."

Daren nata ya zo, gajimare ya rufe ruf. Ta kira ni murya a dishe, tausayinta ya hana ni cin abinci. Ba a jima ba ta sake kira: wata dattijuwar masaniya da ke bayanta a layi, wadda ba su taɓa haɗuwa ba, ta bar mata nata daren, ta ce haka kawai ta ji a ranta. A daren matar sama ta washe, Surayya ta ga gas ɗin yana kwarara waje, da shi ta kammala karatunta.

Na ruga gona da albishir, na tarar da Malam yana tsince albasar da ƙishi ya kashe, fuskarsa a sake. Ya ce: "Alhamdu lillahi. Ka ce mata kada ta manta matar nan a addu'a." Nan kuka ya ƙwace mini, ni da furfurata.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya raba ruwa a ƙasa, Ya raba haske a sama. Ya Allah, Ka ja kwanan Shehinmu, Ka shayar da mu da zuriyarmu daga albarkarsa, amin.